Yadda ake taimaka wa ciki idan asid ɗinsa ya yi ƙaranci

A wurinmu duk ciwon ciki olsa ne. Da mutum ya ji kumburi ko yawan gyatsa sai ya nufi kemis ya sayi omeprazole, wani kuma ya jiƙa kanwa ya sha. Alhali akwai waɗanda asid ɗin tumbinsu kaɗan ne tun farko, kuma omeprazole da kanwa ƙara rage shi suke yi. Asid ɗin nan shi ke fara narkar da nama da wake, ya kashe ƙwayoyin cuta, ya taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ayon mai ƙara jini da bitamin B12.

Mataki na farko, a je asibiti. Alamomin yawan asid da na ƙarancinsa suna kama da juna, ba a rarrabe su da hasashe. A nemi gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a Ostireliya a 1982. Idan ta daɗe a ciki takan lalata wurin da ke samar da asid. Ana gano ta a bayan gida ko a numfashi, kuma maganin asibiti ne ke kashe ta, ba jiƙo ba. Wanda ya yi watanni yana shan omeprazole kada ya daina farat ɗaya, ƙwannafi zai dawo da ƙarfi. Likita ne zai rage masa a hankali.

Na biyu, a zauna a ci a natse. Tun daga ƙamshi da tauna ciki ke fara fitar da asid, don haka mai haɗiye lomar tuwo a tsaye ya tsallake wannan matakin. A rage yawan abincin, a ƙara yawan lokutan ci.

Na uku, citta. Ɗanyarta a ruwan zafi kafin cin abinci tana taimaka wa tumbi ya sallami abinci da wuri. Kindirmo mai tsabta ma yana gyara hanji. Lemon tsami da tsamiya kuwa, ni ban ga laifinsu a cikin abinci ba, amma mai gyambon ciki kada ya sha su da safe kafin ya karya.

Sai a bar sa'o'i 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya.

Idan aka ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na tsayawa a maƙogwaro, a bar maganin gida a tafi asibiti a ranar.