Riƙe tsohuwar Celica a ƙauye, abinda zaka duba da wanda zaka ƙyale

Duk inda na faka motar nan, ko gidan mai a Ringim ko bakin kasuwar Gujungu, sai samari sun zagaye ta, tambayar kuma bata wuce biyu, nawa ka siya, sai kuma wai ya kake yi da ita a hanyar garinku. Ta farkon bana amsawa. Ta biyun ce zan amsa yau, dan naga yara da yawa sun ƙwallafa rai akan tsofaffin motocin gudun nan na Japan, suna kallon bidiyon Turawa ana sauke mota har cikinta ya kusa lasar ƙasa, sun manta mu nan da ka sauka daga kwalta burji ne da rairayi da sawun amalanken shanu har ƙofar gida.

Tawa Toyota Celica ce 'yar 2001, ƙofa biyu, giyar hannu, shekara ta biyar kenan da ita kuma bata taɓa kwana a daji ba sai sau ɗaya, wannan ma laifina ne, zan zo kansa.

Abu na farko tun kafin ka kira dillali, kar kyan fuska ya ruɗe ka, tambayi injin su waye danginsa a gari. Celica ta ƙarshe anyi ta daga 1999 zuwa 2006 kuma inji biyu take zuwa dashi. Akwai 1ZZ-FE, lita 1.8, ƙarfin doki 140, shine dai injin Corolla ɗin nan ta 2003 zuwa 2008 da ta cika gari, kaga kenan fulogi, koyil, gasket, famfon ruwa, filtar mai, duk bakaniken da yake taɓa Corolla a Gumel ko Hadejia ya san kansu, kayan kuma a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ba sai ka sha wahala ba. Sai kuma 2ZZ-GE wanda Toyota suka haɗa kai da Yamaha sukayi, doki 180, da juyinsa ya haura dubu 6 sai kaji ya canza murya ya fizge ka, wallahi akwai daɗi, amma matsinsa, wato yadda fistin yake danne fetur da iska, 11.5 ne, fetur mai kyau sosai yake so, mu kuma fetur kala ɗaya ne a ƙasar nan, wani lokacin ma na 'yan bumburutu ne a jarka. Na shekarun farko kuma akwai wasu ƙananan kusoshi a saman injin da suke karyewa sai fizgar ta ɓace. In a ƙauye kake ɗauki 1ZZ ka huta.

In aljihunka bai kai ba akwai Celica ta 1994 zuwa 1999, wadda ta zo da 5S-FE lita 2.2 injin Camry ɗin da ake cewa fensir ne, shi bel ne dashi ba sarƙa ba, sai ka riƙa tuna canza shi. Honda Prelude ma dangin Accord ce. Nissan 350Z injinta irin na Murano ne amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ni dai bana ba mai albashi shawarar V6, inji mai silinda shida. Mazda RX-8 kuwa ko kyauta aka baka kace Allah ya saka da alheri ka wuce, injinta babu fistin sam, wani abu ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, ranar da ya gaji ba mai buɗe maka shi daga nan har Dutse.

Wadda sitiyarinta yake dama kar ka taɓa, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wadda aka yanka aka juya mata sitiyari ma ta fi haɗari, leƙa ƙarƙashin dashbod in kaga walda da wayoyi an ɗaɗɗaure da salatif toh ka gane. Takardar kwastan ka tabbatar lambar bodi guda 17 ɗin nan ta dace da ta jikin motar harafi da harafi, a farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, mu kuma da muke kusa da Maigatari shingen kwastan ba baƙonmu bane.

Ranar dubawa kaje da sassafe, ka ce kar a tada ta sai kazo, ka ɗora hannu akan injin ka tabbatar da sanyinsa. Sa wani ya tayar kai kuma ka tsaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ci, fari mai kauri da baya yankewa ruwa ne yake shiga inji, baƙi kuma fetur ne yayi yawa. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, in kaga wani abu kamar kindirmo ya manne a ciki gasket ta tafi. Sannan ka kwanta a ƙasa, eh ka ɓata rigar, motocin Amurka na jihohin da ake ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi, sai kaga sama tas ƙasa kuma tsatsa kamar tsohon kwano, danna da sukundireba kaji ko zai burma.

Toh ka siya, Allah ya sanya alheri. Kafin ka siyi ko sitika ɗaya, juye komai. Baƙin mai 5W-30 littafinta ya ce, lita 3.7 da filta, kuma ga gaskiyar da dillali bazai faɗa maka ba, 1ZZ na shekarun farko shan baƙin mai halinsa ne, ringin fistin ne suke daskarewa saboda 'yan ramukan da mai yake komawa ta ciki suna toshewa. Ba wai motar ta mutu bane, kawai gejin mai ya zama abokinka, ni duk ranar Juma'a kafin na tafi masallaci sai na zaro shi, kuma galan ɗin ciko baya barin but ɗina. Masu cewa ka zuba mai kauri irin na tifa ya rufe matsalar, hayaƙin ne kawai yake raguwa, injin kuma yana wahala da safe lokacin sanyi. In shan yayi yawa a sauke a canza ringi a wanke ramukan, aikin Corolla ne, ba wani sirri.

Yanzu maganar zafi, anan ake kashe motocin nan. Watan Afrilu rana tana haura digiri 40 a wajenmu, injin kuma alminiyom ne gaba ɗaya, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa top silinda. Wata na biyu da siyan motar na kaita wani gareji dan ɗan yoyon ruwa, na tafi cin abinci, kafin na dawo mutumin ya cire tamostat ya jefar ya haɗa fanka dairek, wai ai wannan na ƙasar sanyi ne ranka ya daɗe. Haka nayi ta yawo tana shan fetur kamar an huda tanki, dan injin baya kai zafin da ya kamata, birenbos, wato kwamfutar motar, kuma yana ɗauka har yanzu safiya ce sai yayi ta ƙara mai. Tamostat ɗin nan wajen digiri 82 yake buɗewa, aikinsa kenan, a bar shi a wurinsa. Abinda zaka yi shine ka duba lagireto, saman nata roba ce, in ta koma ruwan ƙasa-ƙasa tana 'yan tsage-tsage canza ta tun bata fashe maka a tsakanin Taura da Gujungu ba, canza murfinta, canza hos ɗin da suka kumbura, ka zuba kulan ja na gaske. Ruwan rijiya ko na burtsatse kar ya shiga sai dai in lalura ce, gishirin cikinsa yana cin alminiyom yana toshe lagireto a hankali. Lokacin kaka kuma ka riƙa wanke fuskar lagireton, ƙaiƙayi da ƙwari suna liƙewa su hana iska wucewa.

Ƙura ita ce ta biyu. Na san abin yayi shine a cire akwatin iyakilina, wato filtar iskar inji, a saka wannan jan mai kama da mazurari dan aji injin yana huci, dan Allah kar ka fara. Iskar zafi ta cikin bonet yake zuƙa, ƙurar hunturu kuma tana ratsa shi, man da ake shafa masa yana ɓata sensar iskar da take bayansa, sai fitilar inji ta kama, in aka sa na'ura kaga lambar P0171, wato iska ta fi fetur yawa. Bar akwatin kamfani da filtar takarda, ka riƙa canzawa da wuri lokacin buji. Kuma ka riƙa buɗe akwatin kana leƙawa, ni na taɓa samun gero kusan cikin tafin hannu biyu a ciki da tsummokara, ɓera ne ya tare, tunda kusa da rumbun Baba nake ajiyeta. Na gode Allah bai kai ga wayoyi ba. Tun daga ranar na canza mata wurin kwana, na kuma siyo tampol saboda awaki sun maida bonet ɗin dandali, gajere ne, tsalle ɗaya suke hayewa.

Sai ranar da na kwana a daji. Bayan damina ne, amalanke sun haƙa sawu biyu masu zurfi tsakiya kuma ya tashi ya bushe kamar dutse, ina dawowa bayan isha'i ina ɗan sauri sai ji nayi ƙum a ƙasa, ban yi nisa ba jar fitilar nan ta baƙin mai mai kamar buta ta kama. Na kashe nan take, kuma wannan ne ya ceci injin, in fitilar nan ta kama ko gidanku kake hangowa kashe, minti ɗaya ba mai ya isa metal ya tafi inji ya buga. Botom filet ne ya fashe, wato kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji. Da asuba shanun maƙwabcinmu ne suka jawo motar gudun har gida, yara na binmu suna ihu, har yau ana min tsiya a majalisa.

Daga nan na gane gyaran da ya dace da ita sama ake yi ba ƙasa ba. Tayarta ta asali 195/60 ce akan wili 15, na koma 195/65 irin ta Corolla, kusoshin wilin ma biyar ne iri ɗaya da na Corolla 'yar Amurka, wannan kaɗai ya ɗaga ta kusan santimita 1 kuma ko ina zaka samu taya, sai dai ka sani malejin zai riƙa nuna ƙasa da gudunka kaɗan, in ya nuna 100 kana wajen 103, kuma ka murza sitiyari har ƙarshe ka tabbatar bata gugar komai. Manyan wili 18 da siririyar taya kuwa rami ɗaya zai lanƙwasa su. Shokozoba da sifirin in sun gaji motar zama take yi, sabbi kawai suna dawo mata da tsayinta, in zaka ƙara da roba a samansu kar ka wuce santimita 2 dan shaf ɗin gaba baya son karkata da yawa, daga nan kayi alaimen. Sannan naje wajen mai walda ya yanka min faranti mai kaurin milimita 3 muka ɗaure da kusoshi a ƙarƙashin injin, ba walda a jikin bodi ba, aka bar ɗan rata tsakaninsa da botom filet da kuma ƙofar da za'a riƙa juye mai. Yanzu in naji ƙum sai dai nace sannu.

Birki shine inda bana jin ƙyashin kashe kuɗi, pad mai kyau, man birki DOT 3 sabo duk shekara biyu dan yana shan danshi, da hos ɗin da basu tsattsage ba. Taya kuma duba lamba huɗun nan na gefe, 2322 yana nufin sati na 23 a 2022, 'yan Road Safety shekara 4 suke cewa, da zafin kwaltarmu ni ina ganin basu yi ƙarya ba. Hanyarmu tunkiya ce da jaki da yaro ɗan tallan awara, masu juyi da mota a wajen ɗaurin aure ni ba ruwana dasu.

Salansa in kana son 'yar murya canza tukunyar baya kawai, amma indomi, abin nan mai tace hayaƙi a cikin salansa, kar ka bari a fasa shi, wasu zasu ce ya toshe alhali ƙarfe mai tsada ne a cikinsa suke so su siyar, tsaya akan motarka in ana aikin ƙasa. Turbo akan 1ZZ mai shekara ashirin da ɗoriya kuwa, kuɗin ka sai ɗan maraƙi ka turke ya fi maka.

Inda dangantaka da Corolla ta yanke shine jiki. Fitilun gaba, bamba, gilashin gaba da babban gilashin but, da ƙafafun baya dan nata tsarin daban ne, waɗannan sai kayi cigiya a Kofar Ruwa ko Panteka a Kaduna, wani lokacin sai an aiko daga Ladipo a Legas ka jira sati biyu. Shi yasa bana bin bayan tifa a burji, kuma in naji an kwance wata Celica ana siyar da kayanta nakan je ko bana buƙatar komai, fitila ɗaya tana ɗakina a kwali yanzu haka.

A rairayi sa giya ta biyu ka tafi da totur ɗaya kar ka tsaya, tayar gaba ce take ja, in ta fara haƙa ɗaga ƙafa, rage iskar taya kaɗan ka sa kara ko katako a gabanta. Da damina kuma in ruwa ya yanke hanya kamar yadda yake mana duk shekara a yankin kogin Hadejia, sauka ka taka da ƙafa, in ya wuce idon sawu da kamar taƙi ɗaya juya, in injin ya zuƙi ruwa sandar fistin ce zata lanƙwashe. Ni daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba cire mata kan batir nake yi in rufe ta da tampol in hau babur ɗina.