Darasi na 9: Ciwon Damuwa

Akwai wata mata a Rigasa mai tuyar ƙosai kowace safiya. Sai aka ga ta daina. Ba ta fita, ba ta kitso, abinci ma sai an matsa mata take ci. Da dare takan kwana ido biyu har kiran asalatu. Kishiyarta ta ce ƙiwa ce kawai. Uwar mijinta ta ce iska ce, a nemo turare. Ƙanwarta mai aikin asibiti ta zo ta zauna kusa da ita, ta ce, "Yaya, tun yaushe kike jin haka?"

Ta ce, "Tun kafin azumi. Ƙirjina ne ya yi nauyi, kuma babu abin da yake min daɗi."

Abin da yake damun matar nan shi likitoci suke kira ciwon damuwa.

Kowa yana shiga baƙin ciki. In an yi rasuwa ko jari ya karye, dole rai ya ɓaci, amma a kwana a tashi yakan yi sauƙi. Ciwon damuwa kuwa zama yake yi. Likita yana duba ko ƙuncin ya kai sati 2, kusan kullum, kuma yawancin yini. Mutum ya daina sha'awar abin da yake so a da: hira, sana'a, zuwa biki. Barci ya ƙi zuwa, ko ya yi yawa. Cin abinci ya ragu ko ya ƙaru. Ga gajiya ba a yi aikin komai ba, ga mantuwa. Yakan riƙa ganin ba shi da amfani, laifin komai nasa ne.

Wani ma ba zai ce ransa a ɓace yake ba. Ciwon kai da ciwon jiki zai riƙa kuka da su, ya yi ta sayen maganin zazzaɓi a kemis, sauƙi bai samu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 5 zuwa 6 cikin manya 100 suna da wannan ciwo, kuma ya fi kama mata. Mai jego ma yana iya kama ta, har ta kasa jin daɗin jaririnta. Masu cewa raunin imani ne sun yi kuskure, domin yana kama mai yawan ibada kamar yadda hawan jini yake kama shi. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa. Mutane suna gudunsa don kada a ce musu mahaukata, alhali ciwon damuwa daban, hauka daban. Ana iya farawa daga asibitin unguwa. Magani ya haɗa da zama da ƙwararre a tattauna, wani lokaci da ƙwayoyi. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ji canji, kuma ba a daina su sai likita ya ce.

Idan ka ji mutum yana cewa "gara in mutu in huta", kada ka ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke fiya-fiya da magunguna daga ɗakinsa, a kai shi asibiti a ranar.

Aiki: Rubuta alamomi 3 da aka gani a jikin mai ƙosai. Sannan ka rubuta tambayar da ƙanwarta ta yi mata.