Yadda ake zana alwatika mai gefe uku daidai da kamfas da rula, irin na Uklidis

Ka tanadi takarda, fensir mai tsini, kamfas da rula. Rular kuwa ka kifa ta, lambobin su kalli ƙasa, domin a wannan aiki ba za ka auna komai ba, ja layi kawai za ka yi da ita. Idan babu kamfas, turke da igiya a kan rairayi ma sun wadatar.

Wannan zane shi ne mas'ala ta farko a littafin Elements na Uklidis, malamin lissafi Bagirke da ya koyar a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin juzu'i 13 ne. A Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid, al-Hajjaj ibn Matar ya mayar da shi Larabci, kuma an fara buga shi da injin ɗab'i a Venis a 1482.

Kafin ya zana komai, Uklidis ya roƙi mai karatu ya yarda masa da ƙa'idoji biyar ba tare da ya nemi hujja ba. Ta farko, ana iya jan miƙaƙƙen layi daga kowane ɗigo zuwa wani. Ta biyu, ana iya ƙara wa layin tsawo. Ta uku, ana iya zana da'ira a kan kowace cibiya da kowace tazara. Ta huɗu, duk kusurwoyin da muke kira masu digiri 90 daidai suke da juna. Ta biyar ta shafi layukan da ba sa haɗuwa, ita ce ta sha masana kai har ƙarni na 19, amma yau ba ruwanmu da ita. Ya kuma kawo wasu gaskiya biyar da hankali ke karɓa, mu ta farkon za mu ɗauka: abubuwa biyu da kowannensu ya yi daidai da abu na uku, to su ma daidai suke da juna.

To, ga aikin. Ka sa ɗigo biyu, ka kira su A da B, ka haɗa su da layi. Tsawonsa bai dame mu ba.

Sai ka kafa allurar kamfas a kan A, ka buɗe shi har fensirin ya taɓa B, ka zagaya da'ira cikakkiya. Ka cire, ka kafa allurar a kan B, ka buɗe zuwa A, ka sake zagayawa. Ƙa'ida ta uku ce ta ba ka izinin wannan sau biyu. A nan ne yawancin ɗalibai ke ɓata aiki: kamfas mai sako-sako yana buɗewa a tsakiyar zagaye, don haka ka ɗaure shi tukuna, kuma ka riƙe shi ta kai, ba ta ƙafafu ba.

Da'irorin za su gitta juna a wuri biyu, sama da ƙasa. Zaɓi ɗaya, ka kira shi C. Ja layi daga C zuwa A, da wani daga C zuwa B, bisa ƙa'ida ta farko. Alwatika ta fito.

Yanzu kada ka ɗauko rula don ka tabbatar. Awo na iya yaudararka da kaurin fensir, kuma ko ya yi daidai, wannan alwatika ɗaya kawai ya tabbatar maka. Ka bi ta hujja. AC da AB duka sun tashi daga cibiyar da'irar farko zuwa bakinta, saboda haka tsawonsu ɗaya. BC da BA su ma haka suke a da'ira ta biyu. Ke nan AC daidai yake da AB, BC ma daidai yake da AB. Gaskiyar nan da muka ɗauka ta ce AC da BC daidai suke da juna. Gefe uku sun zama ɗaya, ko layin farko kamu ɗaya ne ko tsawon filin ƙwallo.

Akwai wani ɗan gibi da mai lura zai iya kamawa. Wa ya ce dole da'irorin nan biyu su haɗu a ɗigo? Ido ya gani, amma a cikin ƙa'idoji biyar ɗin babu wadda ta faɗi haka. Uklidis ya dogara da zanen ne a wannan gaɓa. Irin waɗannan gibobi ne suka sa masanin lissafi David Hilbert na Jamus ya sake tsara tushen ilimin siffofi da ƙa'idoji masu yawa a 1899.

Idan hannunka ya faɗa, ka kira ɗaya mahaɗar ta ƙasa D, ka ja layi daga C zuwa D. Zai raba AB gida biyu daidai, kuma zai tsaya a kansa da kusurwa mai digiri 90.