Yadda Ake Tsirar da Irin Bishiyar Magnoliya

Magnoliyar da ake nufi a nan ita ce Magnolia grandiflora, wadda asalinta kudu maso gabashin Amurka ne, kuma furenta ne jihohin Misisipi da Luwiziyana suka ɗauka a matsayin furen jiha. Kafin ka tsinci iri, ka tabbatar da ita ce. Ganyenta mai kauri ne kamar fata, samansa kore shar yana sheƙi, ƙarƙashinsa kuma yawanci da wani laushin gashi mai launin tsatsa, sannan ba ta kaɗe ganye da hunturu. Furen fari ne fat, faɗinsa kan kai santimita 30, ƙamshinsa na ɗibar na lemon tsami.

Da kaka, bayan furen ya zube, ɗan itacen yakan tsattsage, jajayen ƙwayoyi su fito suna lilo a jikin wani siririn zare. A lokacin ake ɗibarsu, kuma daga nan ne mafi yawan masu koyo suke yin asara, domin sun saba da cewa iri sai an shanya shi kafin a adana. Ni ma haka na yi a karon farko: na baza su a faranti a bakin taga har suka bushe ƙayau, na shuka, na yi ta ban ruwa wata da watanni, ko ɗaya bai leƙo ba. Irin magnoliya idan ya bushe, da wuya ya tsiro.

Abin yi shi ne ka jiƙa ƙwayoyin a ruwa kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ka murje jan naman da ke lulluɓe da su da yatsu ko da tsumma mai kaushi. Naman nan yana da maiƙo, yana hana tsiro, yana kuma jawo fumfuna, don haka kada ka bar ko ɓurɓushinsa. Daga nan ka cuɗa su da yashi mai danshi, wanda idan ka matse shi ruwa ba zai ɗiga ba, ka ɗaure a leda, ka sa a firij wajen da ake ajiye kayan miya, sanyin ya kasance kusan digiri 4, na tsawon wata 3. Wannan sanyi shi ne madadin hunturun da irin yake kwana a cikinsa a ƙasarsa ta asali. Ban yarda da sayen wata ƙasa ta musamman mai tsada ba; yashin da aka wanke ya wadatar. Ka riƙa dubawa duk mako biyu, ka yayyafa ruwa idan ya fara bushewa.

Bayan haka ka shuka a zurfin kusan santimita 1, a tukunya mai zurfi da ke inuwa, domin saiwarta mai nama ce, tana saurin karyewa wajen dashe. Wadda aka tsirar daga iri takan yi shekara 10 ko fiye kafin ta yi fure, saboda haka mai gaggawa gara ya sayi dashen da aka yi wa aure, kamar yadda ake yi da mangwaro.