Kurakuran da ke kashe bak-aksul na tsohuwar mota

Na gaji da ganin sababbin shiga harkar tsofaffin motoci suna lalata bak-aksul, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, da hannunsu, sannan su ce ai dama tsufa ne. Ƙarfen nan yakan yi shekara hamsin yana aiki in an bar shi da man da ya dace. Yawancin waɗanda na gani a mace, hannun mutum ne ya kashe su.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne kuskuren mai, domin ni ma na yi shi a kan Peugeot 404 da na daɗe ina nema. An fara ƙera ta a 1960, kuma na farko-farkonta, kamar 203 da 403 da suka gabace ta, aksul ɗinsu daban yake da na sauran motoci: wani ƙarfe ne mai zare kamar na noti yake juya faifan tagulla. Man da aka tsara masa na zurman ne, wanda ba ya haɗuwa da man giya na yau da kullum. Na ga mai ya yi ƙasa, sai na ɗauko man giya 80W-90 mai lambar GL-5 na cika. Mayukan biyu suka dunƙule, sinadarin farar wutar da ke cikin GL-5 kuma ya shiga cin tagullar duk lokacin da ta ɗauki zafi. Bayan 'yan watanni ta fara kuka. Ranar da na kwance notin ƙasa, man ya zubo da kauri, yana ƙyalli a cikin kwano kamar an barbaɗa garin zinariya. Faifan ne ya zama garin. Motar ta fi wata shida a kan katako kafin in samo wani.

Tun daga nan, in ban san man da ke ciki ba, ba na ƙari. Nakan zubar da shi da ɗuminsa, in wanke, in zuba iri ɗaya, in rubuta sunansa a takarda in ajiye cikin motar. Ka fara sanin irin aksul ɗinka tukuna: mai haƙoran ƙarfe zalla shi GL-5 ɗin yake so, bakin man inji ba ya riƙe shi.

Sai babban notin gaba, inda firofela, doguwar sandar da ke kawo juyi daga giya, ke shiga. Mai ya fara ɗiga, mutum ya canza robar da ke tare shi, sannan ya sa bindigar iska ya ɗaure har sai notin ya ƙi motsi. Haba! Wa ya ce maka ƙarfin ɗauri ne gyara? A motoci da yawa akwai wani siririn bututu tsakanin boris biyu da aka yi shi don ya ɗan lotsa daidai gwargwado. In ka wuce wurin, ba ya dawowa ko ka sassauta, boris ya matse, ya yi zafi, ya ƙone. Na ga wanda ya yi haka da safe, da yamma ba a iya ɗora hannu a kan aksul ɗin. Ni kafin in taɓa notin sai na ɗiga masa fenti, shi da sandarsa, na ƙirga zaren da ya leƙo waje, in na gama in mayar da shi kan alamar da hannu.

Kada ka buɗe aksul don kawai ka ji ƙara. Kukan da ke canzawa in ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, na haƙora ne ko boris ɗin gaba. Gurnanin da ke ƙaruwa a kwana, boris ɗin taya ne. Ƙwas ɗin da ake ji wajen tashi kuwa, duba gaɓar firofela tukuna.

Babban faifai da ƙaramin haƙorin da ke juya shi tare ake wasa su a masana'anta, tare ake canza su.

Ɗan bututun shan iska da ke saman aksul in ya toshe da laka, zafi zai turo mai ta robobi har ya jiƙa birkin baya. Ka wanke shi kafin ka sayi sabuwar roba.

Kuma notin zubawa ake fara kwancewa kafin na zubarwa. In na zubawar ya cije bayan man ya riga ya tsiyaye, motar ba ta motsawa daga wurin sai an fasa shi.