Yadda zaka yi sabbin 'ya'yan daraf na katako in naka sun ɓata

Allon daraf ɗin majalisarmu ya daɗe sosai, shi yana nan garau amma 'ya'yan kullum raguwa suke, yara su ɗauka, wani ya gangara kwata, har cikin guda 40 ya zama saura 33 muna cikewa da marfin lemo. Ni kuma wallahi marfin kwalba baya kwanta min, bashi da nauyi, kuma in ɗanka ya kai ƙarshen allo ya zama kin ka ɗora ɗaya kan ɗaya sai ya dinga zamewa. Shi yasa na zauna na yi mana na katako, kuma ɗan'uwa kaima zaka iya ko baka taɓa koyon kafinta ba.

Da farko ka ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin ka saka a aljihu, shine ma'auninka, duk inda zaka je ka tafi dashi. Mafi sauƙi ka samu sandar mofa ko ƙotar shebur ta katako wadda faɗinta yazo daidai da nasa tunda dama a mulmule take, yanka kawai zaka yi. In kuma kana son abu mai kyau ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ka nemi guntaye ragowar yanka, ka samu madaci da malaina. Madaci ja ne mai duhu kuma da nauyi, malaina fari ne mai sauƙin yanka, kaga ɓangare biyu sun rabu tun daga icen ba sai ka sha wahalar fenti ba. Sai ka kaiwa mai injin gyaran ƙafar kujera ya mulmule maka su kamar sanda. Amma dan Allah ka tabbatar busasshe ne, ɗanyen katako yana shan iskar hunturun Kano zai tsage gida biyu.

To wajen yankan ne aikin yake. Kar ka ce zaka dinga zana layi da biro kana bi da zarto, ba zasu taɓa zuwa kai ɗaya ba, wani yayi kauri wani yayi siriri kuma mai wasa yana taɓawa zai ji bambancin a yatsansa. Abinda zaka yi, ka samu falanki ka buga masa katako biyu a tsaye sandar ta kwanta a tsakaninsu ba motsi, ka tsaga musu hanyar zarto a miƙe, sannan ka buga wani ɗan guntu a gaba wanda tazararsa da tsagar tayi daidai da kaurin tsohon ɗan, wajen santimita 1 kenan. Shikenan, ka turo sanda ta dungure shi ka yanka, ka sake turowa ka yanka. Zarto mai ƙananan haƙora yafi, kuma kar ka danna shi da ƙarfi, a hankali musamman dab da ƙarshe don nan ne bakin yake ɓarewa. In sandar ta rage bata kai tsawon tafin hannu ba ka haƙura da ita, yatsanka ya fi ta daraja.

Samfefa kuma a ƙasa zaka shimfiɗa ta kan siminti mai santsi ko tayil, ɗan zaka riƙe ka dinga gogawa a kai, in ka riƙe samfefar a hannu fuskar ɗan zata yi doro. Ka fara da mai kaushi lamba 80 ka gama da 220, ka ɗan kashe kaifin gefen. Ka gwada ɗora biyu, in basu yi rawa ba sun yi.

In sanda ɗaya ka yanka duka, rabin ka goga musu baƙin folish na takalmi sau biyu ko uku ya shiga jikin icen, fentin mai yana ɓarewa saboda yadda ake buga su a allo. Sai banish shafi ɗaya siriri, ka shanya a inuwa kwana guda inda ƙura bata kaiwa.

Ni da na tashi guda 50 na yanka, 25 kowane ɓangare, 10 ɗin da suka yi rara suna cikin gwangwanin madara a shagon maƙocinmu inda muke ajiye allon.