Darasi na 9: Ranar da za a kai yaro wurin likitan haƙori

A kowane mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na Makka, daga Misfala zuwa Shara Mansur, za ka ga yaro yana birgima a ƙofar likitan haƙori tun ba a taɓa shi ba. Wannan kukan daga gida aka zo da shi. Yaron da kullum ake ce masa "in ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura" ya riga ya ɗauki likita a matsayin dodo.

A shekarar 1966 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa tarbiyya gida uku. Akwai iyaye masu tsanani, sai tsawa da bulala, ba bayani. Ɗansu kan zauna a kujerar likita jiki na rawa, ko yana jin zafi ba zai faɗa ba. Akwai masu sangarta yaro, duk abin da ya nuna a bakala, wato kantin unguwa, sai an saya masa: alawa, cakulan, lemon kwalba. Wannan shi ne mai ƙin buɗe baki, kuma uwar da kanta ke cewa, "Likita, ƙyale shi, ma dawo." Ciwon kuwa ba ya jira. Na uku su ne masu doka tare da tausayi, kuma binciken likitocin haƙoran yara ya nuna 'ya'yansu sun fi ba da haɗin kai.

Ga yadda irin wannan uwa ke magana:

"Umma, da zafi?"

"Zai ɗan yi, kamar cizon cinnaka, sai ya wuce. Ina nan kusa da kai, riƙe hannuna."

"Ni dai ba ni zuwa."

"Za mu je, ɗan albarka. In mun fito ka ba Abba labari."

Ku lura, ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma fasa tafiyar ba. Ƙaryar "ba zafi" ita ta fi damuna, domin yaron da aka ruɗa sau ɗaya ba ya ƙara yarda. In kun shiga, ku bar likita ya yi maganarsa: zai faɗa wa yaron abin da zai yi, ya nuna masa kayan aikin, sannan ya fara. Uwa mai tsoro ta daure fuskarta, don ita yaron ke kallo.

Wasu kan ce ai haƙoran yarinta ne, zai yi famfara. Haƙoran nan 20 ne, na farko kan fito wajen wata 6, kuma su ke riƙe wa na girma gurbi. Turmin farko na dindindin yana fitowa can ƙurya wajen shekara 6, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ba sa lura har ya yi kogo. A fara kai yaro tun yana shekara 1, kafin ciwo. A goge masa baki safe da dare da makilin mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa: kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6.

Aikin gida: ku rubuta jimla biyu da za ku faɗa wa ɗanku daren da za a wayi gari a je asibiti, ku zo da su aji mu karanta tare.